Zabuwa a Filin Malali

Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba,
amma ta cinye mini albashin wata biyu.
Na raɗa mata suna Zabuwa,
don ba ta iya tafiya ba, sai gudu,
kuma ba ta san wurin tsayawa ba.

Daren Juma'a, an ɗauke wuta,
na cije tocila da haƙora,
na baje ta a faranti kamar mai gyaran kifi.
Na kwance tsohon inji mai tari,
na ɗaura sabo da ya zo a kwali,
wata uku ina zarya Kawo ina cigiyarsa.
Wani ɗan noti ya gangara ƙarƙashin gado,
Lantana ta rarrafa ta lalubo shi,
ta ce, "Baba, kuɗin nema naira hamsin."
Ƙaurin dalma ya cika ɗaki,
uwarta ta ja tsaki ta juya bango.

A Panteka Malam Barau ya yanko mini
garkuwar ciki daga murfin tukunya,
ya auna da ido, ya huda, ya goge.
Ya ce, "Na yaro ne?"
Na ce yaro bai kai wannan hauka ba.

Asabar da la'asar, ruwa ya tsagaita.
Bayan makaranta, inda tifa ta juye marmara
ta tafi ba ta dawo ba,
mun shata hanya da tsofaffin tayoyi.
Rusasshen suri shi ne tudun tsalle,
kwana ta uku kuwa taɓo ne zalla.
Mu bakwai muka hau bulo, rimot a hannu.
Bitrus ya iso daga Barnawa
da tsohuwar motarsa mai ɗaurin waya,
fenti ya koɗe tun bara waccan.
Na dube ta, na haɗiye dariya.

Aka daki gwangwani.
Na matse totur har ƙurya.
Zabuwa ta yi kukan zanzaro a kwalba,
ta watsa musu tsakuwa a fuska,
ta hau suri, ta tashi,
wallahi na ga hasken rana a cikinta,
sannan ta dira da ka,
ta wuntsila sau uku,
ta kwanta rigingine, tayoyi na ta juyawa
kamar kyankyason da aka kife.
Kafin Lantana ta je ta tayar da ita,
Bitrus ya wuce, ba gaggawa,
motarsa na lasar kwana
kamar kyanwa a bakin ƙwarya.

Da aka tashi ya durƙusa a laka,
ya danna bayanta da babban yatsa,
ta yi tsalle kamar ƙwallo.
Ya ce, "Ƙarfi ka saya, ka manta ƙafa.
Man shokozobarka ya fi shayi tsinkewa."
Ya zaro kwalbar maganin ido,
ya ɗiga mai kauri, ɗigo huɗu,
ya rage mini haƙoran giya.
"Ƙasar nan ba kwalta ba ce,
lallaɓa ta ake yi."

Zagaye na biyu hannuna na rawa.
Lantana ta ce, "Kawo."
Shekararta tara, bulo biyu aka jera mata.
Ni na koma kwana ta uku,
wando a naɗe, ina tayar da motocin mutane.
Zabuwa ta zo ta gabana sau goma,
ko sau ɗaya ba ta nemi hannuna ba.
Ta uku ta zo.
Bitrus ya cire hula.

Yanzu muna tsakar gida,
ina kankare jar laka da tsohon buroshi,
ruwan bokiti ya koma kamar zoɓo.
Batir yana caji, yana ƙifta ido.
Ta tsuguna kusa da ni, ta miƙo tafi:
"Baba, kuɗin tuƙi naira ɗari."